Asalin Kamfanin Shell da Yadda Mansa Ya Iso Katsina

Kafin zuwan Turawa, in rana ta faɗi a birnin Katsina ba a san wata fitila ba sai ta kasko, ko kuwa ta ƙarfe wadda maƙera ke ƙerawa. A zuba mata man gyaɗa ko man kaɗe, a murza auduga a yi lagwani, a kunna. Almajirai kuwa ƙirare suke tarawa su hura wuta a ƙofar gidan malam, su kewaye ta da allunansu. Man da ake ƙonawa a wancan zamani duk daga gonaki da dazuzzukan ƙasar yake fitowa, matan gari ke matse shi, kuɗinsa kuma a gari yake kwana.

Turawa suka shigo Katsina a cikin 1903. Ba a daɗe ba sai ga wani irin mai, fari kamar ruwa, mai wari, ya fara bayyana a kasuwa cikin garwa. Shi ne kananzir. Fetur kuma ya biyo bayansa tare da mota. Su biyun nan kamfanonin Turawa ke kawo su daga ƙetaren teku, kuma a cikin kamfanonin babu wanda ya bar tarihi a Nijeriya kamar Shell. To, yadda gidan sarauta ke da asali da salsala, haka kamfani ke da nasa. Shell gida biyu ne suka haɗu, ɗaya na Ingila ɗaya na Holan, kuma tsoron wani na uku da ya fi su ƙarfi shi ya haɗa su.

Gidan Ingila daga wani ɗan kanti ya faro. A birnin Landan an yi wani mutum ana ce masa Marcus Samuel, mai sayar da kayan tarihi da na ƙawa. A cikin 1833 sai ya shiga sayen ɓawon katantanwar teku irin wadda matuƙan jiragen ruwa ke kawowa daga ƙasashen gabas, don matan Ingila na wancan lokaci suna son ƙananan akwatunan da aka yi wa ado da ita. Kalmar nan Shell, a harshen Ingilishi, ma'anarta ke nan, ɓawon katantanwa. Bakatsine ba zai yi mamakin a yi arziki da irin wannan abu ba, gama a shekarun da Samuel ke cinikinsa, da wuri ake saye da sayarwa a kasuwar Katsina, shi ma kuwa daga teku ake kwaso shi.

Tsohon ya rasu, ya bar wa 'ya'yansa ciniki. Biyu daga cikinsu suka shahara, Marcus mai sunan uban, da ƙanensa Sam. Suka faɗaɗa fatauci, babban yana Landan, ƙaramin ya tafi Japan ya buɗe reshe. Suna aika injuna da yadi gabas, suna kawo shinkafa da siliki da tangaran. Ta haka suka san tashoshin jiragen ruwa na gabas ɗaya bayan ɗaya, suka kuma ƙulla amana da manyan attajiran da ke zaune a cikinsu. Wannan sanayya ita ce jarinsu na gaskiya lokacin da suka juya ga kananzir.

Kananzir kuwa a lokacin yana da sarki. An haƙa rijiyar mai ta farko a Amurka a 1859, a jihar Fensilbaniya. A 1870 wani mutum mai suna John D. Rockefeller ya kafa kamfanin Standard Oil, kuma kafin shekara goma ta kewayo wajen kashi tara cikin goma na man da ake tacewa a Amurka ya koma hannunsa. Dabararsa sananniya ce. In wani ya buɗe ciniki a wani gari, sai Standard ya karya farashi a garin har ya sayar da hasara, yana cike gurbin da ribar da yake ci a wasu garuruwa. In abokin gasa ya durƙushe, sai a saye shi da araha, farashi ya koma inda yake ko ya wuce. Duk wanda ya taɓa ganin babban dillali ya kori ƙarami daga kasuwar hatsi ya san wannan wasa.

Amma Allah bai ajiye mai a ƙasa ɗaya ba. A Baku, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Rasha, akwai shi jingim. Wasu attajiran Faransa na gidan Rothschild suka zuba kuɗi aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baku zuwa Batum, bakin Bahar Aswad, a 1883. Suka sami kananzir mai yawa, sai dai ba su da kasuwar da za ta shanye shi. Marcus Samuel ya tafi can a 1890 ya gani da idonsa, a 1891 kuma ya ƙulla yarjejeniya da su ta shekara tara, cewa shi zai riƙa sayar da kananzirinsu a ƙasashen da ke gabas da Suwes.

Ya san in ya shiga kasuwa ɗaya Rockefeller zai murƙushe shi nan take. Saboda haka ya yi shawarar ya faɗa wa kasuwannin gabas duka a lokaci guda, da mai wanda ya fi na Standard araha, don kada a sami inda za a ci ribar da za a yaƙe shi da ita. Standard a garwa yake ɗura mansa, a sa garwa bibbiyu cikin akwatin katako, a loda a jiragen ruwa, su yi doguwar tafiya ta kudancin Afirka. Samuel kuwa sai ya sa aka ƙera masa jiragen da cikinsu tankuna ne, a kwarara mai ciki kamar yadda ake cika randa. Wahalar ita ce masu kula da mashigin Suwes, wanda aka buɗe a 1869, ba su yarda irin wannan jirgi ya ratsa ba, don tsoron gobara. Sai ya sa aka ƙera nasa da kariya iri iri har suka amince. A asirce kuma ya aika aka gina manyan tankunan ajiya a tashoshin gabas. A watan Agusta na 1892 jirginsa na farko, mai suna Murex, ya ratsa Suwes da wajen tan 4,000 na kananzir, abin da zai cika garwa fiye da 250,000, ya nufi Singafo da Bankok. Murex sunan wata katantanwa ce, haka kuma ya riƙa raɗa wa sauran jiragensa, don tunawa da sana'ar mahaifinsa.

Nan fa wani abu ya faru da ya kusa rusa shirin duka. Samuel ya zaci masu saye za su zo da tsofaffin garewaninsu a zuba musu. Shiru, ba su zo ba. Ashe mutanen gabas ba kananzir kaɗai suke saye a wurin Standard ba, har da garwar. In mai ya ƙare sai su yi rufin ɗaki da ita, su yi murhu, su yi kejin tsuntsu da rariya. Wa zai fasa abin da ya riga ya zama ƙofar ɗakinsa don ya je awon mai? Da labari ya kai Landan sai Samuel ya cika jirgi da fallayen kwano ya aika, ya ce a ƙera garwa a can. Ta Standard shuɗiya ce, takan iso a lanƙwashe saboda doguwar tafiya. Tasa ja ce, sabuwa fil. Nan da nan kasuwa ta buɗe. Mutumin Katsina ya fi kowa gane wannan labari, don da garwar kananzir 'yan garuwa suka yi shekaru suna ɗiban ruwa, da ita ake awon man gyaɗa, da ita maƙeran farfaru ke yin mazurari da fitilar aci-balbal.

A 1897 Samuel ya tattara jiragensa da tankunansa ya yi musu kamfani guda, ya sa masa suna Shell Transport and Trading Company. Ya kamata a nan mai karatu ya san yadda irin wannan kamfani yake. Mutane da yawa ne ke tara kuɗi, a kira abin da aka tara jari, a yanka shi kashi kashi, kowane kashi a ce masa hannun jari. In an ci riba a raba gwargwadon hannun kowa. Wanda ya fi yawan hannu kuma shi ke da ta cewa. Don haka ana iya sayen kamfani ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a cikin kayansa ba, a saye hannayen jarinsa kawai.

Gida na biyu a tsibirin Sumatara aka haife shi, a ƙasar da ake kira Indunusiya yanzu, wadda a lokacin mutanen Holan ke mulki. Wani manomin taba mai suna Aeilko Zijlker ya ga mutanen wurin suna kunna jiniya da wani baƙin ruwa da suke ɗebowa daga kududdufai, ya sansana ya ji warin kananzir. Ya nemi izni wurin Sarkin Langkat, aka ba shi, a 1885 rijiyarsa ta kawo mai. A 1890 aka kafa kamfani, Sarkin Holan Willem na Uku ya yarda a jingina sunan da sarauta, aka ce masa Royal Dutch, wato kamfanin Holan na sarki. Zijlker bai ci moriyar wahalarsa ba, ya rasu a ƙarshen shekarar nan. Wani jarumin mutum, August Kessler, ya karɓi aikin a cikin daji mai zazzaɓi da ruwan sama, ya gina matata a 1892. A 1898 rijiyoyinsu suka fara aman ruwan gishiri maimakon mai, kamfani ya kusa mutuwa, sai Allah ya sa suka dace da wani wurin a shekarar da ta biyo. Standard ya yi ta zawarcinsu yana so ya saye, suka toshe ƙofa da wata doka da suka yi wa kansu, wadda ta hana baƙo mallakar hannayen jarin da ke da ikon zaɓen shugabanni.

Kessler ya rasu a ƙarshen 1900, ragama ta koma hannun Henri Deterding, yana da shekara 34. Deterding tsohon ma'aikacin banki ne, mutum ne da ba a kuskure masa lissafi, ba ya kuma barin yau ta kai gobe. Samuel kuwa a lokacin hankalinsa ya rabu. Ya yi suna, ya sami lambar girma, a 1902 aka naɗa shi magajin garin Landan, ya shekara yana liyafa da karɓar baƙi. Ciniki kuwa ba ya son kishiya. Ga shi kuma ba shi da man kansa mai kyau. Na Rasha na wasu ne. Wanda ya haƙa a tsibirin Borniyo mai kauri ne, ba ya ba da kananzir sosai. A 1901 da aka sami mai a jihar Teksas ta Amurka ya yi sauri ya ƙulla yarjejeniyar shekara 21, ya ƙera sababbin jirage dominta, sai rijiyoyin suka ja baya tun ba a je ko'ina ba, jirage suka rasa abin ɗauka. Shi ma Standard ya taya kamfaninsa da kuɗi mai tsoka, ya ƙi, don ba ya so abin da ya gina ya koma hannun Amurkawa.

Ga Shell da jirage da tankuna da kasuwa, ba mai. Ga Royal Dutch da mai, jiragensa kaɗan. Ga kuma kura tana kewaya su duka biyu. A 1903 suka fara gwada zama tare. Su biyu da gidan Rothschild suka kafa kamfanin sayarwa guda a gabas, mai suna Asiatic Petroleum, kowa da sulusi. Aka ba Samuel kujerar shugaba, aka ba Deterding gudanar da aiki, kuma kowa ya san wanda ke riƙe da akwati da mabuɗi shi ne mai gida. Shekara uku bayan haka Shell ya ƙara raunana, Samuel ya nemi a haɗe gaba ɗaya a yi raba daidai. Deterding ya ce a'a. A 1907 aka gama magana, Royal Dutch ya ɗauki kashi 60 cikin 100, Shell ya ɗauki 40. Wannan kuwa ya zo daidai da farkon sarautar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda aka ba gari a ƙarshen 1906.

Haɗin nan yana da ban mamaki. Ba a rushe ko ɗaya daga cikin kamfanonin biyu ba. Kowane ya zauna da sunansa da masu jarinsa da shugabanninsa, ɗaya a birnin Heg ɗaya a Landan, sai dai rijiyoyi da matatu da jirage aka zuba a tukunya ɗaya, riba kuma a raba 60 da 40. Kamar 'yan'uwa biyu ne da ke noma gandu ɗaya, amma kowa da rumbunsa. Samuel ya ɗauki abin a matsayin kaye, ko da yake ya ƙara arziki ninkin ba ninki a bayansa. Abin da ya rage masa shi ne suna. Ƙaramin abokin tarayya ne, amma sunansa da hoton katantanwarsa, wanda aka fara bugawa a 1904, su duniya ta sani. Kurar da suka ji wa tsoro kuwa, a 1911 babbar kotun Amurka ta yanke hukunci aka yanyanka Standard Oil gida 34. Daga cikin 'ya'yansa aka sami Esso da Mobil, waɗanda su ma suka yi gidajen mai a Nijeriya, suka kuma sake haɗewa a 1999.

To, me ya sa wannan labari na nesa ya shafi Katsina fiye da wasu garuruwa? Dalili shi ne hanyar jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911. Wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Kudancin ƙasar Katsina ya samu ke nan, amma birnin kansa aka bar shi a tsakiya, ba a aza harsashin hanyar da za ta ratsa shi ba sai a 2021, wato ta Kano zuwa Maraɗi. Gyaɗa da fatu da ƙiraga na arewacin ƙasar dole a kai su Kano, tafiyar mil ɗari da 'yan kai. Da fari jakuna da raƙuma ke wannan aiki, daga baya manyan motoci suka karɓe. Garin da ke bakin dogo yana iya dogara da gawayin Inugu, amma garin da ke dogara da mota ransa na hannun mai fetur. Man yakan sauka daga jirgin ruwa a Ikko, wato Legas, jirgin ƙasa ya kawo shi Kano, mota ta ɗauko shi ta shigo da shi ta Ƙofar Ƙaura. Kowane zango da kuɗinsa, kuma duk a kan mai saye na ƙarshe yake sauka, ko direba ne ko tsohuwa mai sayen kananzirin kwabo.

Shell ya kafa reshensa na sayar da mai a wannan yanki a 1927, da sunan Shell Company of West Africa. A shekarar ce kuma Marcus Samuel ya rasu. Amma sayarwa dabam, haƙa dabam, kuma wajen haƙa sai da ya sake neman aboki. Abokin nan shi ma yana da nasa asali. Wani Baturen Ingila mai suna William Knox D'Arcy, wanda ya yi arziki da haƙar zinariya a Ostareliya, ya karɓi izni daga Sarkin Farisa a 1901 na neman mai har shekara 60. Ya kusa tsiyacewa kafin a dace a 1908. A 1909 aka kafa kamfanin Anglo-Persian, a 1914 gwamnatin Ingila ta saye fiye da rabinsa don jiragen ruwanta na yaƙi su sami mai. Shi ne aka sake wa suna a 1954 ya zama British Petroleum, wanda kowa ya sani da BP.

Dokar da Turawa suka yi a Nijeriya a 1914 ta ce ba a ba kowa iznin neman mai sai kamfanin Ingila. Kamfanonin nan biyu suka haɗa jari raba daidai suka kafa Shell D'Arcy, a 1938 kuma aka ba shi takardar izni wadda ta haɗe ƙasar Nijeriya baki ɗaya. Wato a kan takarda, duk man da zai yiwu a samu a ƙarƙashin Hasumiyar Gobarau ko a gonakin Ajiwa, kamfani ɗaya ne ke da ikon nemansa, ba kuwa da shawarar masu gonakin aka rubuta ba. Sai dai ba su ɓata lokaci a Arewa ba, kudu suka dosa, suka yi sansani a Owerri. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da aiki, bayansa suka koma. Rijiya mai zurfi ta farko, a 1951, ba ta ba da kome ba. Sai a watan Janairu na 1956, a wani ƙauye mai suna Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, bayan an nutsa ƙafa 12,000, aka sami man da ya isa ciniki. A shekarar aka sake wa kamfani suna ya zama Shell-BP. A watan Fabrairu na 1958 aka yi lodin farko zuwa Turai, ana haƙo ganga 5,100 a yini. Ganga ɗaya ta kusa garwa tara, wato fiye da garwa 44,000 ke nan kullum. A 1965 kamfanin ya gama matatar farko kusa da Fatakwal, aka fara ƙona man gida a gida.

Bayan mulkin kai da yaƙin basasa sai iska ta juya. Shekaru saba'in da suka wuce kamfanoni ke haɗiye juna, yanzu kuwa gwamnatoci suka fara karɓa daga hannun kamfanoni. Nijeriya ta shiga ƙungiyar ƙasashe masu sayar da mai, OPEC, a 1971. A 1973 gwamnati ta ɗauki kashi 35 na aikin haƙar Shell-BP, a 1974 ta kai shi 55, a tsakiyar 1979 ta kai 60. Reshen sayarwa ma bai tsira ba. A 1975 gwamnati ta saye kashi 60 nasa, aka sauke hoton katantanwa daga gidajen mai, aka sa sunan National. A cikin masu riƙe da al'amura a waɗannan shekaru akwai mutanen wannan yanki. Muhammadu Buhari na Daura shi ne kwamishinan man fetur daga 1976 zuwa 1978, a zamaninsa aka kafa NNPC a 1977. Shehu Musa 'Yar'aduwa kuwa, ɗan birnin Katsina, shi ne na biyu a gwamnatin Janar Obasanjo daga 1976 zuwa 1979.

Gwamnatin nan ce ta raba auren Shell da BP. A ƙarshen watan Yuli na 1979, ana gobe shugabannin ƙasashe renon Ingila za su buɗe taro a Lusaka, aka ba da sanarwar an karɓe duk abin da BP ya mallaka a Nijeriya. Dalilin da aka bayar shi ne man BP yana kaiwa ga gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Masu lura kuma suka ce har da jan kunnen Ingila a kan maganar Rodeshiya, wadda ta zama Zimbabuwe a 1980. Kashi 20 na BP ya koma ga NNPC, ya zama yana da 80, Shell ya tsira da 20. Gidajen man BP kuma aka juya harafi ɗaya kawai, suka zama AP, wato African Petroleum. Tarayyar da ta yi shekara 40 da ɗoriya ta ƙare da sanarwa ɗaya a rediyo. Daga baya gwamnati ta rage nata, har rabon ya tsaya a 1993 a kan NNPC 55, Shell 30, Elf na Faransa 10, Agip na Italiya 5.

Abin da gwamnati ta karɓa a gidajen mai bai daɗe a hannunta ba, in aka auna da shekarun kamfani. A 2000 aka sayar da kashi 60 na National ga kamfanin attajirin nan Mike Adenuga, daga baya aka sa masa suna Conoil. AP ya bi hannuwa, ya zama Forte Oil a 2010, ya zama Ardova a 2020. Saboda haka direban da ya tsaya shan mai a Conoil, a jikan kantin katantanwar Landan ya tsaya, ko da bai sani ba. Da yawa daga gidajen man birnin Katsina kuwa yanzu na 'yan kasuwar gida ne, ba su da dangantaka da ko ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen.

Ba a gama labarin Shell a Nijeriya ba a faɗi abin da ya sami masu ƙasar da ake haƙar man. Katsina ta ga man a fitila da mota da kuɗin da ake rabo daga asusun tarayya. Mutanen bakin teku kuwa sun gan shi a cikin rafukan da suke kamun kifi da gonakinsu na rogo, da wutar iskar gas da ke ci dare da rana a bayan gari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Oloibiri kanta an daina ɗibar mai a cikinta tun ƙarshen shekarun 1970, aka bar ta ƙauye kamar yadda aka same ta. A ƙasar Ogoni rigima ta yi tsanani har Shell ya dakatar da haƙa a 1993, a watan Nuwamba na 1995 kuma gwamnatin soja ta rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, abin da ya jawo wa Nijeriya da kamfanin tofin Allah tsine a duniya. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

A can Turai kuma zaman gandu ɗaya rumbu biyu ya kai shekara 98. A 2004 ta bayyana cewa kamfanin ya faɗa wa masu jari yana da man ajiya a ƙarƙashin ƙasa fiye da abin da ya tabbata, kuma wani babban kashi na ƙarin a lissafin rijiyoyin Nijeriya yake. Shugabanni suka sauka, masu jari suka ce gida mai masu gida biyu ba a san wanda za a tuhuma ba. A 2005 aka narkar da kamfanonin biyu suka zama ɗaya, Royal Dutch Shell, hedkwata a Heg. A 2016 ya haɗiye kamfanin iskar gas na Ingila mai suna BG. A farkon 2022 kuma ya kwashe hedkwatarsa ya mai da ita Landan, ya yar da kalmomin nan biyu na Royal Dutch, ya zama Shell kawai. Sunan wanda aka ba kashi 40 shi ya wanzu, na mai kashi 60 ya shuɗe.

A watan Janairu na 2024 Shell ya ba da sanarwar zai sayar da kamfaninsa mai haƙa a kan tudu da fadamun Neja Delta, wato magajin Shell D'Arcy na 1938. Masu saye gamayya ce ta kamfanoni biyar mai suna Renaissance, huɗu daga cikinsu na 'yan Nijeriya. Al'ummomin yankin da dama suka yi ƙorafi, suna tambayar wanda zai biya kuɗin gyaran ƙasar da ta ɓaci in mai ɓarnar ya tafi. Hukuma ta ja maganar wata da watanni kafin ta amince, aka kammala ciniki a watan Maris na 2025. Abin da Shell ya riƙe shi ne rijiyoyin cikin teku mai zurfi, irin su Bonga da ta fara aiki a 2005, da cinikin iskar gas, da wajen rubu'in jarin kamfanin sarrafa gas da ke tsibirin Bonny.